Tsaki na mutuwa a cikin ɓawo dab da fita: laifin na'urar zafi ne ko na hunturu?

Garba_Rikkos
Salamu alaikum 'yan gida. Masu haɗa injin ƙyanƙyasa, ku duba min wannan. Tsohuwar kula ce, gulob biyu masu wat 40, ƙaramar fankar kwamfuta, da na'urar daidaita zafi W1209 a kan digiri 37.5. Ƙwai 30 na kajin gida. A kwana na 7 tocila ta nuna jijiyoyi a guda 24. Ranar fita shida kawai suka fito. Sauran da aka fasa duk tsaki ne cikakku, da gashinsu da komai, amma matattu, tantanin ya naɗe su kamar leda. Ina ganin W1209 ɗin nan ƙarya take yi. In canja ta da STC-1000?

Injiniya_Dilimi
Wa alaikumus salam. Malam Garba, kar ka ɓata kuɗinka tukuna. Da zafi ne ya yi yawa ko ya gaza sosai, da yawancinsu ba su kai har sun yi gashi ba. Faɗa mana abu uku: nawa ma'aunin danshi ke nunawa, wace rana shidan suka fito, sau nawa aka buɗe murfi daga kwana na 18.

Garba_Rikkos
Babu ma'aunin danshi, kofin ruwa ɗaya ne a ciki. Sun fito ranar 21. Murfi kam ana buɗewa, don a ga ko an fara tsagawa.

Hajiya_MaiTsaki
To ai ga ɓarawon nan a fili. Fita ranar 21 shaida ce cewa zafinka daidai yake. In zafi ya yi yawa za su fara fitowa ranar 19 ko 20, wasu cibiyarsu ba ta rufe ba. In ya gaza sai 22 ko 23, su fito a raunane. Matsalarka bushewa ce. Iskar Jos a Disamba da Janairu danshinta kan sauka ƙasa da kashi 30 cikin 100, gulob kuma ya ƙara busar da ita. Ƙwai yana son kashi 50 zuwa 55 daga ranar farko zuwa ta 18, sannan 65 zuwa 70 a kwana ukun ƙarshe. Da zarar ɗan tsako ya huda ɓawo, in aka buɗe murfi busasshiyar iska ta shiga, tantanin zai bushe ya ƙanƙame shi, ya kasa juyawa ya zagaye ɓawon. Abin da ka gani kamar leda ke nan.

Kuma kofi ba ya yi. Faɗin saman ruwa ne ke ba da danshi, ba zurfinsa ba. Faranti mai faɗi da ruwa kaɗan ya fi jarka cike. A kwana na 18 ƙara faranti na biyu ka sa soso a tsaye a ciki, rabinsa a ruwa rabinsa a waje. Ka huda gefen kular ka zura siririn tiyo, irin na ƙarin ruwa na asibiti, ta nan za ka riƙa ƙara ruwan ɗumi da sirinji ba tare da buɗewa ba. A murfin ka yanke taga ka manna gilashi, ka yi kallonka daga waje.

Sola_Bauchi_Road
Hajiya ta gama magana. Amma ni ban wanke W1209 ɗin gaba ɗaya ba, domin wasu suna zuwa da kuskuren rabin digiri har zuwa ɗaya. Gwajin ba wuya: sa ma'aunin zafi na asibiti daf da kan sensar, daidai tsayin saman ƙwai, bayan injin ya yi awanni yana aiki. In sun bambanta, shiga saitin P4 na na'urar ka gyara bambancin. P0 ya zama a kan H, wato dumamawa, P1 kuma, wato tazarar kashewa da kamawa, a kan 0.3 ko ƙasa da haka, in ba haka ba zafin zai riƙa lilo da yawa kafin gulob ya sake kamawa. A STC-1000 gyaran a F4 yake. Ita ma ba ma'asumiya ba ce.

Injiniya_Dilimi
Ƙari a kan Sola_Bauchi_Road: 37.5 na injin da ke da fanka ne. Wanda babu fanka, zafi yana taruwa a sama, ƙasa ta fi sanyi, don haka ana auna 38.5 a daidai saman ƙwan. Mutane suna kwafar lamba ba sa tambayar wane irin akwati ne. Kar sensa ta taɓa ɓawo, kar ta fuskanci gulob kai tsaye. A sa guntun kwanon rufi tsakanin gulob da tiren ƙwai don kar na kusa su gasu na nesa su ji sanyi. Gulob biyu ƙanana sun fi babba ɗaya, in ɗaya ya mutu cikin dare ɗayan zai riƙe. Kuma gulob mai zare ake nufi, na LED ba ya ba da zafin kirki.

Baba_Gangare
Ku dai kuna ta lissafin digiri, kazar Hausa ba ta da P4 amma tana fitar da goma cikin sha biyu. Ku sa mata kwanci ku huta.

Hajiya_MaiTsaki
Gaskiya ne Baba, babu injin da ya kai ta. Sai dai ba ta ɗaukar ƙwai hamsin, kuma duk lokacin da take kwanci da rainon tsaki ba ta yin ƙwai. Wanda yake son yawa dole ya nemi akwati.

Kubwa_Agro
Ina roƙon a yi hattara da shawarar ƙara ruwa, don akwai 'yan Abuja a nan. Abin da ya dace da Jos a hunturu zai kashe ƙwai a Kubwa ko Gwagwalada a watan Agusta. Da damina iskar kanta cike take da danshi, in ka ƙara faranti biyu tun ranar farko ƙwan ba zai zubar da ruwan da ya kamata ba, gurbin iskar da ke faffaɗan kai zai tsaya ƙarami, ɗan tsako ya huda ciki ya tarar da ruwa maimakon iska, ya shaƙe. Shi ma mutuwa ce a ɓawo, amma in ka fasa za ka same shi jiƙe, a kumbure, ba a bushe ba.

Sikeli ya fi kowane ma'aunin danshi gaskiya. Ƙwai ya kamata ya rage kimanin kashi 12 cikin 100 na nauyinsa zuwa kwana na 18. Zaɓi guda goma ka yi musu alama ka auna tare. In sun ba da giram 450 ranar farko, kwana na 18 su kasance wajen 396, wato suna rage giram 3 kowace rana. Ka auna a kwana na 7, kana neman wajen 429. In sun fi haka raguwa, ƙara ruwa. In ba su kai ba, rage ruwa ko buɗe ramin iska.

Sola_Bauchi_Road
Wannan lissafin ya yi. Kuma ma'aunin danshi na kasuwa ana gwada shi da gishiri: cika murfin kwalba da gishiri, ɗiga ruwa ya jiƙe amma kar ya narke, sa shi tare da ma'aunin a leda mai rufewa ruf, a bari ya kwana. Ya kamata ya nuna 75. In ya nuna 68, ka san kullum za ka ƙara 7 a kan abin da ya faɗa.

Talatu_Bukuru
Ku yi haƙuri in katse ku, abin gaggawa ne. Kare ya kama kaza mai kwanci, kwananta 10 a kan ƙwai. Fatar bayanta ta yage wajen faɗin tafin yaro, ƙafa ɗaya tana ja. An ce a zuba toka ko baƙin mai. Ƙwan kuma sun yi wajen awa uku a sanyi. Me za a yi?

Dakta_Vom_Road
Anti Talatu, kar a zuba toka, kar a zuba baƙin mai, kar a sa kananzir. Suna ƙona naman da zai warke kuma suna rufe datti a ciki.

Da farko a naɗe ta da tawul, a rufe mata kai sama-sama don ta natsu. In jini na zuba a danna da tsumma mai tsabta minti biyar ba ɗagawa ana leƙawa. In ƙaramin wuri ne, garin sitaci yana taimakawa. Sai a sa ta a kwali mai ɗumi da duhu na kamar awa ɗaya. Firgita da sanyi suna kashe kaza kafin ciwon ya kashe ta.

Bayan ta natsu a aske gashin da ke kewaye da almakashi, kar a fige, figa tana ƙara yaga fata. A tafasa ruwa lita ɗaya, a sa gishiri giram 9, wato ƙaramin cokalin shayi ɗaya da rabi, a bari ya huce ya zama ɗumi. A ja da sirinji marar allura a riƙa fesa wa ciwon har datti ya fita tas. Sai aidin irin Betadine, a sirka da ruwa har ya yi kalar shayi marar kauri, a shafa. Haka sau biyu a rana kwana ukun farko, sannan sau ɗaya. Zuma mai kyau siririya a kai tana hana ciwon bushewa kuma tana yaƙar ƙwayoyin cuta, sai dai a kula da tururuwa.

A bincika ƙarƙashin fikafikai da cinya sosai. Haƙorin kare yana barin ƙaramin rami a waje da ɓarna babba a ciki, kuma waɗannan ramukan ne ke ruɓewa. Don haka cizon kare ko na kyanwa yana bukatar maganin kashe ƙwayoyin cuta daga hannun likitan dabbobi, da adadin da ya dace da nauyinta. Kar a ɗinke cizo a gida, an kulle ƙwayar cuta a ciki ke nan. In an ji iska na fita ta ramin ciwo yayin da take numfashi, ko hanji ya fito, ya wuce aikin gida, yanka ya fi jinƙai.

Hajiya_MaiTsaki
Ƙwan kuwa kar a zubar. Kaza da kanta tana tashi ta yi kiwo ta dawo, kuma ƙwai ɗan kwana 10 yakan jure sanyin awanni. A kai su injin wani yanzu, a rubuta musu kwanansu da fensir, a haska bayan kwana biyu. Mai rai za a ga jijiyoyi ja da motsi. Wanda ya mutu jijiyoyin sun dushe, abin ciki yana yawo kamar gajimare. Fitarsu na iya jinkirta da yini ɗaya. Wanda ya tsage ko jini ya ɓata shi sosai a cire.

Baba_Gangare
A fasa mata kafso ja da yalo a ruwa, da ɗan barkono. Haka aka saba.

Dakta_Vom_Road
Baba, da girmamawa, kafso ɗaya a kwanon ruwa ba a san nawa ta sha ba, kuma marar lafiya ba ta shan ruwa sosai. Abin da ake samu shi ne magani kaɗan da bai kashe cutar ba, sai koya mata jurewa. Kuma duk kazar da aka ba irin wannan magani, ba a cin ƙwanta ko namanta sai kwanakin da aka rubuta a jikin maganin sun cika. Wani abin da zan ja kunne a kai shi ne diclofenac na ciwon jiki. Yana lalata ƙodar tsuntsu. Shi ne ya kusa ƙarar da ungulu a Indiya, har suka haramta ba dabbobi shi a 2006. Kar a ba kaza.

Anti Talatu, batun ƙafa: a shafa a hankali daga cinya zuwa yatsu. In ƙashin sangalin da babu gashi ne ya karye, za a ji yana motsi inda bai kamata ba. A miƙar da shi, a naɗa auduga, a sa siraran katako biyu irin na askirim gefe da gefe, a naɗe da filasta ba matsewa. Kullum a taɓa yatsun, in sun yi sanyi ko sun kumbura an matse da yawa. Ƙashin tsuntsu yana haɗewa da wuri, sati biyu zuwa uku. In a cinya ne can sama cikin nama, ɗori ba ya kamawa, sai dai a tsare ta a ƙaramin wuri. In ba karaya, targaɗe ne, hutu kawai. Kuma ko fiffike ake ɗaurewa, kar bandeji ya matse ƙirji, domin da motsin ƙashin ƙirji kaza ke numfashi.

Talatu_Bukuru
Allah ya saka da alheri Dakta. Ba ta ci, a ɗura mata ruwa?

Dakta_Vom_Road
Kar a ɗura. Ƙofar numfashinta tana gindin harshe, ruwa zai wuce huhu. A tsoma bakin a ruwan ɗumi mai ɗan sukari, ko a ɗiga a gefen baki ta haɗiye da kanta. Abinci: dafaffen ƙwai a marmashe, da dusa jiƙaƙƙiya. A rufe kwalin da gidan sauro saboda ƙuda, tsutsa tana iya ƙyanƙyashewa a ciwo cikin yini guda. Kar ta koma akurki sai ciwon ya rufe, don kaji in suka ga ja sai sun tsattsage shi. GV, wato shuɗin maganin ciwon nan, yana ɓoye jan, shi ya sa ake shafa shi a ƙananan ciwuka kamar yankan ƙaimin zakara.

Garba_Rikkos
Allah ya ba ta lafiya. In dawo da mu baya kaɗan: da na taimaka wa waɗanda suka huda na fasa musu, da sun rayu?

Kubwa_Agro
Wasu. Amma yawancin masu taimako kashewa suke yi saboda gaggawa. Daga huda zuwa fita yakan ɗauki awa 12 har 24, a lokacin yana janye jinin jijiyoyin tantani yana shanye gwaiduwa ta cibiya. In ka fasa da wuri jini zai zuba. Ƙa'ida: sai ya wuce awa 24 ba ci gaba, tantanin ya koma ruwan ƙasa ya bushe, yana kuka da ƙarfi. Sannan a jiƙa tantanin da auduga mai ɗumi, nesa da hancinsa, a ɓalle ɓawo kaɗan-kaɗan ta faffaɗan kai. Ka ga jan jijiya, tsaya, mayar da shi, jira awanni.

Injiniya_Dilimi
Ni ban cika goyon bayan taimakon ba. Wanda ya kasa fita alhali danshi daidai yake, yawanci da nakasa yake zuwa. Na Malam Garba daban ne, tunda akwatin ne ya cuce su.

Wani abin da ba a taɓo ba shi ne iska. Saboda sanyin Jos mutane suna toshe kowane rami don zafi ya zauna. A satin ƙarshe ɗan tsako ya girma, yana bukatar iska fiye da kowane lokaci, ga mu a tudu kusan mita 1,200 inda iskar ta fi ta Abuja sirantaka. A kula mai ɗaukar ƙwai 30 a yi ramuka huɗu masu kaurin fensir a ƙasa-ƙasa, biyu a murfi. A fara da rabinsu a rufe da filasta, daga kwana na 18 a buɗe duka. In danshi ya sauka a ƙara soso, ba a toshe rami ba.

Sola_Bauchi_Road
Tunda an zo ga sanyi, ga lissafin ɗauke wuta. Ka haɗa komai a bolt 12 ka huta da inbata: W1209 da fankar dama 12 suke ci, sai gulob ɗin birkin mota biyu masu wat 21. Jimla wat 42, wato amfiya 3.5. Batir mai Ah 100, in rabinsa kawai za ka ja don kar ya lalace, zai riƙe awa 14 ko da gulob bai taɓa mutuwa ba, kuma a kula mai kyau kusan rabin lokaci a kashe yake. Fanka ta tafi kai tsaye ga batir, kar ta bi ta na'urar, ta riƙa juyawa dare da rana. Sa fiyus a wayar batir. In babu batir: gorunan ruwa biyu a rufe a cikin akwatin tun farko suna riƙe zafi, wuta ta tafi a lulluɓa bargo a bar ramin iska ɗaya. Kar a ce za a dumama da gawayi, hayaƙinsa guba ne, kuma zafin da ya haura 40 na awanni ya fi sanyi kisa.

Maman_Anguwan_Rogo
Babu wanda ya tambayi guda shidan da ba su nuna komai ba tun kwana na 7. Ko dai zakara bai taka ba, ko sun tsufa. Zakara ɗaya ga kaji takwas zuwa goma. Ƙwan da za a sa kar ya wuce kwana 7 a ajiye, tsinin a ƙasa, a wuri mai sanyi amma ba firij ba. Kar a wanke, akwai wani siririn rufi a ɓawo da ke tare ƙwayar cuta, mai kashi da yawa a ajiye shi na ci. Ƙwan kiret na gona ba ya ƙyanƙyashewa ko shekara zai yi, ba zakara a kejinsu. Juyi kuma sau uku ko biyar a rana, mara, don kar ya kwana a gefe ɗaya dare biyu a jere. X a gefe ɗaya, O a ɗayan. Kwana na 18 a daina. Duk wanda ya fara wari ko zufa a fitar da shi nan take, baragurbi ɗaya in ya fashe ya ɓata sauran.

Hajiya_MaiTsaki
Kuma shidan da suka fito, kar a shimfiɗa musu jarida ko leda, santsi ke sa ƙafafunsu su baje gefe. Tsohon tawul kwana ukun farko, sannan ɓuntun shinkafa. Wanda ya riga ya baje, a haɗa ƙafafun biyu da siririyar filasta a sama da yatsu, a bar tazara daidai tsayuwarsa, kwana uku zuwa huɗu yakan miƙe. Zafin wurin raino digiri 33 zuwa 35 satin farko, a rage wajen 3 kowane sati. Kwanon ruwansu a zuba tsakuwa kar su nutse. Rigakafin cutar Newcastle kuma kar a yi wasa da shi, hunturu ne lokacinta, ga cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a kusa da mu tana yin sa.

Garba_Rikkos
Na gode ƙwarai. Zan gwada sensar, in sa faranti da tiyo. Amma zagaye na gaba ina son haɗa ƙwan zabi da na agwagwa a ciki, tunda akwai wuri.

Kubwa_Agro
Zabi kwana 26 zuwa 28, talotalo 28, agwagwar gida irin tamu 35. In ka zuba su rana ɗaya da na kaza, ranar da za ka ɗaga danshi ka daina juyi saboda kaji, su suna tsakiyar tafiya. Sa na zabi sati ɗaya kafin na kaza, su fito tare. Agwagwa ka ba ta nata zagayen.

Injiniya_Dilimi
Ƙwan zabi a Janairu? Sai damina suke yi sosai, Malam Garba. A lokacin kuma lissafin ruwan da aka ba ka yau ya canja, ka koma ga sikelin Kubwa_Agro.

Baba_Gangare
Ƙwan zabi ai ƙarƙashin kaza ake sa shi tun kaka da kakanni. Talatu, yaya mai jiki?

Talatu_Bukuru
Ta sha ruwa da kanta, Baba. An sami rami biyu ƙarƙashin fiffike kamar yadda Dakta ya ce, gobe za a kai ta wurin likitan dabbobi. Ƙwan suna injin maƙwabta.